Michael Crichton: Da Wane Littafinsa Ya Kamata Ka Fara?

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Jurassic Park, ko shirin asibitin nan na talabijin mai suna ER, ya san aikin Michael Crichton ko da bai taɓa jin sunansa ba. An sayar da littattafansa sama da kwafi miliyan 200, kuma mai son fara karanta shi yakan tsaya ne tsakanin guda biyu: The Andromeda Strain na 1969, wanda ya fito da shi idon duniya, da Jurassic Park na 1990, wanda ya kai shi ƙololuwa. In kuɗin littafi ɗaya gare ka, ko lokacin karanta ɗaya, ni Jurassic Park zan ce ka ɗauka. Sai dai akwai masu karatun da wannan shawara ba tasu ba ce, akwai kuma wani littafi na uku da bai yi suna ba, wanda zai fi kama zuciyar wanda ya tashi da tarihin Abbasiyawa a kunnensa. Tun yanzu a sani, ba yadda za a yi a auna littattafan nan ba a taɓa ƙarshensu ba, don haka wanda ba ya son a ɓata masa labari ya yi hattara.

An haifi Crichton a Chicago ranar 23 ga Oktoba 1942, ya tashi a Roslyn da ke gefen birnin New York, a gidan ɗan jarida. Ya shiga jami'ar Harvard da niyyar karanta adabin Ingilishi, sai suka saɓa da wani malami da yake ganin yana danne masa maki. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa ya kwafi wata maƙala ta George Orwell ya miƙa a matsayin tasa don ya ga gudun ruwan malamin, sai maƙalar ta dawo da maki na tsaka-tsaki. Daga nan ya bar adabi ya koma nazarin asalin ɗan'adam da ƙirar jikinsa, ya gama a 1964, ya ɗan koyar a Cambridge ta Ingila, sannan ya shiga makarantar likitanci ta Harvard. Kuɗin makaranta kuwa da alƙalami ya neme su. Yana rubuta ƙananan littattafan 'yan fashi da 'yan damfara da sunan aro John Lange, ya kuma rubuta A Case of Need da sunan Jeffery Hudson, wanda ya ci kyautar Edgar ta littattafan binciken laifi a 1969. A wannan shekarar ya karɓi shaidar zama likita, amma bai taɓa zama duba marasa lafiya a matsayin sana'a ba.

The Andromeda Strain aikin wannan ɗalibin likita ne ɗan shekara 26, wanda kansa ke cike da ɗakin gwaji da sakamakon jini. Jurassic Park kuwa aikin mutum ne mai shekara 48 da ya daɗe a Hollywood, ya ba da umarnin finafinai da kansa, irin su Westworld a 1973 da Coma a 1978, ya ga yadda masu kuɗi ke juya masu ilimi. Damuwar saurayin ita ce, in bala'i ya faɗo, shin masana za su iya da shi? Dattijon kuma abin da yake tambaya daban ne: wa ya biya masanan har suka jawo bala'in?

Labarin The Andromeda Strain kwana biyar ne kacal. Wani tauraron ɗan'adam na sojan Amurka ya faɗo kusa da wani ɗan ƙauye mai suna Piedmont a jihar Arizona, likitan ƙauyen ya ɓalle shi don ya ga abin da ke ciki. Kafin gari ya waye an mutu kusan kaf, wasu a tsakiyar titi, jininsu ya daskare a jijiya har in an yanka gawa ba ya zuba, wasu kuma sun haukace sun kashe kansu. Mutum biyu ne suka tsira: wani tsoho mai gyambon ciki da ke ɗirkar asfirin yana kuma shan wani man hura wuta mai barasa a ciki, da wani jariri da ba ya daina tsala kuka. Aka tattaro masana huɗu aka sauke su a wani ɗakin gwaji na sirri a ƙarƙashin hamadar Nevada, mai hawa biyar, kowane hawa ya fi na samansa tsabta, don su gano abin da ya zo daga sama, su kuma gano me ya haɗa tsoho mashayi da jariri.

Wannan tambaya ce ke riƙe da littafin, kuma amsarta ba ta zo da maguɗi ba. Ƙwayar ba ta iya rayuwa sai jini yana kan ma'auninsa na mai lafiya. Shi tsohon, jininsa ya yi tsami saboda abin da yake sha. Jaririn kuma kukan da yake yi ba ƙaƙƙautawa yana fitar da iskar kabon daga jikinsa fiye da kima, jinin ya karkata ɗaya ɓangaren. Ɗalibin aikin jinya da ya karanta yadda numfashi ke sauya tsamin jini zai iya riga masanan gano amsar, kuma wannan wani daɗi ne da ba kowane littafi ke bayarwa ba.

Editansa a kamfanin Knopf, Robert Gottlieb, shi ya sa ya sake rubuta labarin tamkar rahoton abin da ya faru da gaske. Saboda haka za ka ga taswira, da takardun da kwamfuta ta buga, da hirar rediyo kalma-kalma, da jerin littattafan da wai aka duba a ƙarshe. Ya fito a watan Mayu 1969, wata biyu kafin 'yan sama jannatin Apollo 11 su taka wata, kuma da suka dawo sai da aka killace su na makonni don tsoron kada su zo da wata cuta. Masu karatu na lokacin ba tatsuniya suka ɗauke shi ba.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne yadda yake nuna lalacewar abin da aka kashe miliyoyi aka gina. Babu mugu ko ɗaya a cikinsa. Wani ɗan siririn yankin takarda ne ya maƙale tsakanin ƙararrawar na'urar karɓar saƙo da abin da ke buga ta, saƙonni masu muhimmanci suka yi ta shigowa ba wanda ya ji ƙara, aka kuma gwada na'urar kwamfuta ta ce lafiyarta ƙalau, tunda wayoyi take dubawa, ba ta ganin takarda. Ɗaya daga cikin masanan yana da farfaɗiya ya ɓoye, ta kayar da shi daidai lokacin da jar fitilar gargaɗi ta fara walƙiya. Ginin kuma an dasa masa bam na nukiliya da zai tashi da kansa in cuta ta kuɓuce, aka damƙa wa likitan tiyata da ke cikinsu makullin dakatar da shi saboda shi kaɗai ne tuzuru, bisa wani bincike da Crichton ya ƙirƙira wai marar iyali ya fi iya yanke hukunci a irin wannan hali. Can daga baya suka gano cewa ƙwayar makamashi take ci ta hayayyafa, wato bam ɗin da aka tanada don kashe ta abinci ne a wurinta.

Rauninsa ma a fili yake. Masanan huɗu suna da suna da muƙami, amma da ƙyar za ka bambance muryar wannan da ta wancan, ka rufe littafin ba wanda za ka yi kewa. Babu mace a cikinsu, sai da masu fim ɗin 1971, wanda Robert Wise ya ba da umarni, suka mai da ɗayansu mace. Ƙarshen kuma shi aka fi yi wa ƙorafi: ƙwayar ta rikiɗe da kanta ta koma wadda ba ta kashe mutum, sai dai ta ci roba, don haka babban abin da jaruman suka yi shi ne hana nasu bam ɗin tashi. Akwai masu cewa da gangan ya yi, don ya nuna sa'a ce ta ceci mutane. Na yarda da su. Amma mai karatun da ya bi shafi kusan 300 yana jiran a yi maganin abu yana da haƙƙin ya ji an bar shi da yunwa.

Jurassic Park yana ɗan daɗewa kafin ya kai mu tsibirin. Shafukan farko a gaɓar Kosta Rika suke. An kawo wani lebura asibitin ƙauye cikin jirgi mai saukar ungulu an ce injin gini ne ya taka shi, likita kuwa tana ganin raunin ta san aikin dabba ne. Wata yarinya 'yar masu yawon buɗe ido ta sha cizon wani baƙon ƙadangare a bakin teku. Wata ungozoma ta tarar da irinsa a kan gadon jariri. Wato tun kafin labari ya kankama, dabbobin sun riga sun fita. Sannan ne ake gabatar da John Hammond, attajirin da kamfaninsa ya ɗebo DNA, wato ƙwayar gadon halitta, na dainoso, dabbobin nan da suka ƙare tun zamanin da, daga cikin ƙwarin da suka sha jininsu suka maƙale a ƙaron itace tun miliyoyin shekaru, ya cike giɓin da na kwaɗi da wasu dabbobi, ya ƙyanƙyashe su zai buɗe gidan kallo. Masu zuba jari sun fara ɗar-ɗar, sai lauyansu ya kawo masana su duba: Alan Grant mai tonon ƙasusuwan dabbobin da, Ellie Sattler mai nazarin tsirran da, da Ian Malcolm masanin lissafi, wanda tun a jirgi ya ce abin ba zai ɗore ba.

Akwai wani wuri a tsakiyar littafin da ba ya cikin fim, kuma shi kaɗai ya isa dalilin karanta shi. Masu kula da wurin suna alfahari da cewa kwamfuta na ƙirga dabbobin a kai a kai ta hanyar kyamarori, kuma kullum lissafi na cika: 238. Duka mata aka ƙyanƙyashe su, don haka maganar haihuwa ba ta taso ba. Malcolm ya ce a gaya wa kwamfutar ta nemi 239. Ta samo 239. Aka ce ta nemi 300, sai lambobi suka yi ta hawa har suka tsaya a 292. Ashe an tsara ta ne ta daina ƙirga da zarar ta kai adadin da ake tsammani, domin abin da masu wurin ke tsoro shi ne dabba mai tsada ta ɓace ko ta mutu. Ba wanda ya kawo a ransa cewa za su ƙaru. Mafi muni, nau'in da ya fi kowanne haɗari, velosirafta, da ake zaton guda 8 ne a kulle, sai ga 37. Grant ne ya gano dalili: akwai kwaɗin Afirka ta Yamma da mace kan rikiɗe ta zama namiji in an rasa maza, kuma da DNA na kwaɗi aka yi faci. Babu haƙori babu jini a waɗannan shafuka, lambobi ne kawai ke sauyawa a fuskar kwamfuta, amma a wurina sun fi duk wata fitowar babban dodon tayar da tsikar jiki.

Haka ma batun wuta. Dennis Nedry, wanda ya rubuta manhajar da ke tafiyar da wurin baki ɗaya, ɗan kwangila ne da kamfanin ya matsa wa lamba ya yi ƙarin aiki ba ƙarin kuɗi. Wani kamfanin hamayya ya yi masa tayin dala miliyan ɗaya da rabi ya sato musu irin dabbobin a daskare cikin gwangwanin kumfar aski. Ya kashe tsaro da niyyar 'yan mintuna, ya ɓace hanya cikin ruwan sama, bai dawo ba. Babban injiniya ya kashe komai ya sake kunnawa, fitilu suka kawo, kowa ya yi ajiyar zuciya. Sa'o'i suka wuce ba su farga ba cewa ƙaramin janareta na ko-ta-kwana ne ke ɗauke da su, babban bai tashi ba, kuma ƙaramin ba shi da ƙarfin ba wa shingayen lantarki wuta. Sai da mansa ya ƙare suka sani. Mai karatun da ya saba zama a shago fanka na juyawa bai san ko wutar gari ce ko inji ba, ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

To wanda ya riga ya ga fim, me zai tsinta a littafin? Fim ɗin Steven Spielberg na 1993 ya tara sama da dala miliyan 900 a fitowarsa ta farko, ya riƙe kambun fim mafi kawo kuɗi har Titanic ya karɓe, kuma Crichton na cikin waɗanda suka rubuta shi. Amma Spielberg ya wanke labarin don iyali su iya kallo tare. Hammond na fim kaka ne mai fara'a wanda burinsa ya fi ƙarfinsa, a ƙarshe ya yi nadama ya tsira. Hammond na littafi ɗan kasuwa ne da ba ya jin kunya. Da wata 'yar giwa da ba ta fi kyanwa girma ba yake yawo a keji yana karɓar kuɗin masu jari, yana ɓoye musu cewa masifaffiya ce kuma an kasa samar da ta biyu. Yana faɗa ƙarara cewa ba zai sa fasahar kamfaninsa a harkar magani ba tunda gwamnati za ta sa masa baki a farashi, nishaɗi kuwa ba mai hana ka tsuga kuɗi. Ana mutuwa yana lissafin tsibiri na gaba yana ɗora laifi a kan ma'aikata, kuma ajalinsa a bakin ƙananan dabbobin da bai ɗauka a bakin komai ba yake. Lauyan da fim ya mai da matsoraci ya mutu a banɗaki, a littafi ya tsira, ya ma yi ta maza. Akwai doguwar tafiya a kogi cikin kwale-kwalen roba, da ratsa wani makeken keji na dabbobi masu fiffike, duk ba su cikin fim na farko.

Shi ma da nasa aibun. Malcolm yakan yi dogon wa'azi kan girman kan kimiyya, musamman bayan ya ji rauni yana kwance allurar kashe zafi na aiki, kuma a nan muryar marubucin ce ke fitowa tsirara. Ƙaramar jikar Hammond kamar an rubuta ta ne don ta ƙular da mai karatu. A ƙarshe jiragen yaƙin Kosta Rika suka yi wa tsibirin ruwan bama-bamai, alhali ƙasar ta soke rundunar soja tun 1948. Malcolm ma da aka ce ya mutu, sai ga shi da ransa a The Lost World na 1995.

In kuma ana maganar wanda iliminsa ya fi jure wa zamani, tsohon littafin ne ya ci. Kwamfutocin The Andromeda Strain sun zama abin dariya, amma tsarin killace cuta, da ja-in-jar masana da 'yan siyasa kan lokacin ɗaukar mataki, da ƙwayar da ke rikiɗa ana tsaka da nazarinta, duk wanda ya ga zamanin korona a 2020 ko ya tuna shigowar Ebola Legas a 2014 zai gane su. Jurassic Park kuwa tushensa ya rushe, domin DNA ba ya daɗewa haka. Wanda aka sanar an samo a ƙasar Greenland a 2022, wanda ya zarce duk na gabansa tsufa, shekarunsa kusan miliyan 2 ne, dainoso kuwa sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Velosirafta na gaskiya, wanda aka tono a Mongoliya, bai wuce girman babban talo-talo mai doguwar jela ba, kuma gashin tsuntsu gare shi. Dabbobin kansu dai ba ƙage ba ne, kuma ba sai an je Amurka ba. A Gadoufaoua cikin hamadar Tenere ta Nijar aka tono ƙasusuwan Ouranosaurus da Nigersaurus mai haƙora sama da 500, a yankin Ingal aka samo Jobaria, kuma gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai yana da ƙwarangwal ɗin irin waɗannan dabbobi a baje.

Sai batun Turanci, tunda da shi aka rubuta su. The Andromeda Strain jimlolinsa gajeru ne, amma cike yake da kalmomin ɗakin gwaji da shafukan da jadawali ne zalla. Wanda bai yi kimiyya a sakandare ba zai yi ta tuntuɓe a tsakiyarsa, inda ake ɓata kusan yini guda ana wanke masanan hawa-hawa kafin su isa ƙasa. Jurassic Park ya fi shi tsawo da shafi kusan 100, amma hira ta fi yawa, babi-babinsa gajeru, kuma duk lokacin da aka kawo abu mai wuya akwai yaro ko lauya a wurin da zai tambaya a yi masa bayani. Ko ka tsallake wa'azin Malcolm zaren labari bai tsinke ba. Sanin fim ɗin ma taimako ne ga wanda Turancinsa bai nuna sosai ba, tunda ya riga ya san fuskoki da wuraren.

Shi ya sa na ce yawancin mutane su fara da Jurassic Park. Wanda zan juya wa shawara shi ne ɗalibin likitanci, ko ma'aikaciyar jinya, ko mai aiki a ɗakin gwajin jini, ko duk wanda daɗinsa a labari shi ne ya warware matsala da kansa kafin a faɗa masa. Wannan ya ɗauki The Andromeda Strain. Haka wanda ba ya son zubar da jini a rubuce, domin Jurassic Park na littafi ya fi na fim muni nesa ba kusa ba. Mutuwar Nedry kaɗai ta isa ta hana wani cin abinci, kuma ba littafin da za a miƙa wa ɗan firamare ba ne don kawai ya so fim.

Na ukun shi ne Eaters of the Dead na 1976, kuma babu ɗakin gwaji a cikinsa. A shekarar 921 Miladiyya halifan Abbasiyawa Al-Muƙtadir ya tura tawaga daga Bagadaza zuwa ga sarkin Bulgar na bakin kogin Volga, a ƙasar Rasha ta yau, wanda ya musulunta ya nemi a aiko masa masu koyar da addini da taimakon gina ganuwa. Magatakardan tawagar, Ahmad ibn Fadlan, ya rubuta abin da ya gani, har da mutanen da ya kira Rus, dogaye jajaye 'yan kasuwa daga arewa, da yadda suka ƙona gawar shugabansu a cikin jirgin ruwa tare da wata kuyanga. Wannan risala gaskiya ce, masana tarihi na dogaro da ita har yau. Crichton ya gina babi uku na farko a kanta, sannan ya ci gaba da muryar Ibn Fadlan ya kai shi can arewacin Turai a matsayin mutum na goma sha uku a wata ƙungiyar mayaƙa da za ta fuskanci wasu halittu masu zuwa cikin hazo. Daga nan tsohuwar waƙar Ingilishi ce ta Beowulf aka sake wa riga. Ya rubuta shi ne don ya nuna wa wani abokinsa malami cewa waƙar ba ta da gundura in an iya ba da ita.

Daɗinsa shi ne wanda ke kallo da wanda ake kallo sun yi musanyar wuri. Balarabe Musulmi ne mai ilimi, mai tsarki, mai alƙalami, Turawan arewa kuma su ne masu baƙuwar al'ada da ake mamakin ƙazantarsu, suna wanke fuska da fyace hanci a kwano ɗaya ana miƙa wa na gaba. Wannan bayanin daga risalar ta asali yake. Amma a karanta da ido biyu. Labarin cewa an tura Ibn Fadlan wannan tafiya ne don a raba shi da Bagadaza saboda matar wani attajiri ƙirƙirar Crichton ce, babu shi a risalar, haka abubuwan da aka sa shi yana yi a arewa waɗanda ba su dace da malamin fiƙihu ba. Bayanan ƙasan shafi da sunayen masanan da aka jera, wasu na gaske ne wasu na bogi, har marubucin ya faɗa daga baya cewa shi kansa ya taɓa ɓata sa'o'i a laburare yana neman wata madogara kafin ya gane shi ya ƙirƙiro ta. Duk wanda zai kafa hujja da Ibn Fadlan ya nemi risalar kanta. Fim ɗin da aka yi da littafin a 1999, The 13th Warrior, da Antonio Banderas da Omar Sharif, ya tafka asara a kasuwa.

Akwai waɗanda ba na ba da shawarar a fara da su. State of Fear na 2004 ya zargi masu fafutukar muhalli da kambama ɗumamar yanayi, ya kai Crichton gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka a 2005, kuma wasu daga cikin masanan da ya ambaci bincikensu sun fito sun ce ya murɗe shi. Dabarar nan tasa ta sa ƙage ya yi kama da rahoto, wadda ta yi daɗi a 1969, a nan ta zama matsala domin batun na gaske ne. Rising Sun na 1992 tsoron mamayar kamfanonin Japan ne na wancan lokaci, ya tsufa da wuri. Congo na 1980 yana da gudu, amma Afirkar cikinsa irin ta tsofaffin littattafan zamanin mulkin mallaka ce: daji, lu'ulu'u, ɓataccen birni, 'yan ƙasa kuma 'yan dako. Wanda ya gama The Andromeda Strain yana son ƙari, Sphere na 1987 ne zai fi dacewa da shi, inda aka sake kulle masana, wannan karon a ƙarƙashin teku. Wanda Jurassic Park ya burge ya nemi Prey na 2002.

Crichton ya rasu a Los Angeles ranar 4 ga Nuwamba 2008, ranar da aka zaɓi Barack Obama, yana da shekara 66, bayan fama da ciwon daji. Littattafai sun ci gaba da fitowa da sunansa a manyan baƙaƙe, don haka in ka je saye, musamman wurin masu gwanjon littattafai inda ake ɗauka a gaggauce, ka duba ƙananan rubutun bango. Pirate Latitudes na 2009 da Dragon Teeth na 2017 nasa ne, a cikin ajiyarsa aka same su. Micro na 2011 Richard Preston ne ya ƙarasa shi, Eruption na 2024 kuma James Patterson. The Andromeda Evolution na 2019 kuwa Daniel H. Wilson ne ya rubuta shi a matsayin ci gaban labarin, kuma sunansa ya yi kama da na 1969 ƙwarai, abu ne mai sauƙi a miƙo maka wannan a madadin wancan.